Masu rainon yara masu ciwon lalacewar tsoka, ya kuka gane?

Wata uwa daga Zariya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗana yana shekara 4 na lura in zai tashi daga tabarma sai ya dafa gwiwa, ya dafa cinya, kamar mai hawa kan jikinsa. Sha-raɓarsa kuwa ta yi ɓul-ɓul, kakarsa har cewa take ɗan ƙwallo za a yi. Aka ce shan inna, aka ce iska. Sai da gwajin jini na CK, wani sinadarin cikin tsoka, ya fito sama ƙwarai likita ya ce Duchenne ne, wani nau'in ciwon lalacewar tsoka. Har yau ban fahimci me ya lalace ba.

Wani uba, malamin makaranta: Hajiya, Allah Ya ba shi lafiya. Ni da rumfar biki aka kwatanta mini. Kowace ƙwayar tsoka tana da siririyar fata. A wajenta akwai shimfiɗar sunadarai, su laminin da kolajin, su ne turakun. A ciki akwai distrofin, igiyar da ke ɗaure cikin ƙwayar da turakun ta hanyar distiroglaikan, wani sunadari da ke jikin fatar. Yaranmu ba su da igiyar, don haka duk motsi fatar na ɗan yagewa, CK ya zuba cikin jini, kalsiyam ya kutsa ciki, ƙwayar ta mutu, kitse da tabo su cike gurbin. Girman sha-raɓar nan ke nan. Da na ji haka na daina tilasta wa nawa hawa bene wai don ya yi ƙarfi. Abin na cina har yanzu.

Wata uwa daga Maraɗi: Malam, tawa mace ce, kuma igiyarta lafiya lau. Turken ne babu, laminin ɗin da ake kira merosin. Tun tana jaririya jikinta laƙwas, wuya bai tsaya da wuri ba. Dangin miji suka ɗora mini laifi, alhali irin wannan daga uwa da uba duka ake gadonsa. Tana zama da kanta, surutu kamar aku, amma ba ta taɓa takawa ba.

Uwar Zariya: Yaya, ke ma an ba ku firedinisolon, maganin da ake ba masu Duchenne?

Uwar Maraɗi: A'a, mu sai gashin ƙashi da miƙe gaɓoɓi safe da yamma, da takalmin roba da take kwana da shi. Numfashinta da dare nake sa wa ido yanzu.