Rimot na tayar da mota amma sai ta mutu nan take

Salam 'yan uwa masu aikin wayarin, don Allah ku taimaka min, kwana uku ke nan abin nan ya tsaya min a wuya. Na sa wa wata Corolla 2011 na'urar tayar da mota daga nesa, mukullinta mai cif ɗin tsaro ne wanda aka buga harafin G a jikin ƙarfensa. Na haɗa modul ɗin baifas (na'urar da ke tsayawa a madadin cif ɗin mukulli yayin tayarwa daga nesa) da kwamfuta na loda masa firmwaya, wato manhajar da ke tafiyar da shi, na jona IMI da IMO, wayoyi biyu na tsarin tsaron motar, amma wajen koya masa mukulli fitilar modul ɗin ja kawai take ta ƙiftawa, ta ƙi komawa koriya.

In na danna rimot injin ya juya ya kama, bayan kamar sakan 2 ya mutu, fitilar sikiriti kuma tana ta walƙiya. Abin da ya ɗaure min kai, in na kara mukullin a bakin makunna sai motar ta tashi lafiya lau, kun ga ke nan matsalar tana wajen baifas ɗin.

Na yi riset sau huɗu. Shin wayoyin biyun na juya, ko firmwayar ce ba ta mukullin G ba? Mai motar har ya fara kallona wani iri wallahi.