Shawarwari kan sauya tankin mai da ke yoyo a jirgin ruwa

Tambayar ita ce: idan tankin fetur na alminiyum da ke ƙarƙashin daɓen jirgin ruwa ya fara yoyo, a yi masa faci ne ko a sauya shi? Yawancin waɗanda suka tattauna wannan batu sun yarda cewa faci ba ya daɗewa, domin tankin alminiyum da ya huje a wuri ɗaya galibi ya riga ya ci a wasu wurare, musamman a ƙasansa inda ruwa ke maƙalewa tsakanin ƙarfen da soso ko katakon da ya zauna a kai.

An fi jaddada batun gobara. Tururin fetur ya fi iska nauyi, saboda haka yakan kwanta a ƙasan jirgi ko bayan an tsiyaye tankin; dole ne a cire batir, a bar iska ta ratsa sosai, kuma a guji injin yanka mai tartsatsi kusa da shi.

Ra'ayi ya rabu kan sabon tankin. Na roba ba ya lalacewa da ruwa, amma yakan ɗan kumbura idan ya sha fetur, don haka sai a bar masa sarari. Na alminiyum kuwa, a ɗaga shi kaɗan don iska ta bi ƙarƙashinsa. Tun da an riga an buɗe daɓen, ya kamata a sauya tsofaffin tiyo, a gwada tankin da iska don a tabbatar ba ya yoyo kafin a rufe daɓen.