A koyar da littattafan da ke ɗauke da zagin baƙar fata, ko a tace su?

Malamin Adabi, Ƙofar Soro:
Assalamu alaikum. Ina koyar da adabin Ingilishi a wata sakandare a nan Katsina, kuma ina neman shawarar malamai da iyaye. Manhajar WAEC ta 2021 zuwa 2025 ta sanya littafin Invisible Man na Ralph Ellison, kamar yadda wadda ta gabace ta ta sanya Native Son na Richard Wright, kuma dukansu suna ɗauke da kalmar nan ta ƙasƙanci da fararen Amurka suke jifan baƙar fata da ita. Yaranmu sun riga sun tsince ta a waƙoƙin da suke ji a waya, har suna kiran juna da ita a filin ƙwallo, a zatonsu kirari ce. Idan karatu ya kawo mu kanta, in bari a karanta, ko in tsallake shafin?

Malama daga Daura:
Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka tsallake. Wright da Ellison baƙar fata ne, sun rubuta kalmar ne domin da ita aka yi ta jifansu, saboda haka wanda ya goge ta ya ɓoye laifin azzalumi, ya bar wanda aka zalunta ba shaida. An gwada tacewar a Amurka. Kalmar ta fito sau 219 a Huckleberry Finn na Mark Twain, sai a 2011 wani kamfanin ɗab'i ya fitar da bugun da aka musanya ta da "bawa". A ganina gyaran ya ɓata ma'ana, domin bawa yana iya samun 'yanci, amma wancan zagi ya ci gaba da bin mutane bayan an soke bauta a 1865, kuma wannan ne ainihin abin da ya kamata ɗalibi ya gane. Ko Chinua Achebe, da ya yi wa Joseph Conrad kaca-kaca a laccarsa ta 1975 kan yadda Conrad ya siffanta 'yan Afirka a littafinsa Heart of Darkness, sai da ya karanta littafin ciki da bai kafin ya iya mayar da martani.

Uban ɗalibai, Ƙofar Ƙaura:
Malama, na ji hujjarki, amma ina da ja. Su kansu masu abin ba su daidaita ba, tun da a 2018 makarantun Duluth a jihar Minesota sun cire littafin Twain da To Kill a Mockingbird daga jerin karatun dole. Mu kuma Suratul Hujurat ta hana mu jifan juna da miyagun laƙabobi. A ruwayar Buhari, Abu Zarri ya ce ya yi wa wani mutum gori da mahaifiyarsa, Annabi (SAW) ya ce masa akwai jahiliyya a tare da shi. Ba a maimaita lafazin gorin ba, amma darasin ya iso mu sarai. Ban ce a hana littafin ba. Abin da ba na so shi ne a ta da ɗana tsaye a gaban aji, a sa shi furta ashar da sunan karatu.

Tsohon shugaban makaranta, Rafin Daɗi:
Alhaji, abin da ka nema ba ya cin karo da na Malama. Malam, ka bar littafin yadda marubucinsa ya bar shi, kowane yaro ya ga kalmar da idonsa, amma kada wanda ya furta ta, har kai kanka. Kafin ku isa shafin, ka ware darasi guda ka ba su tarihin cinikin bayi da dokokin wariya na kudancin Amurka, inda har famfon shan ruwa aka raba. Daga nan ka dawo da maganar gida, domin a garin nan har gobe ana fasa aure idan bincike ya nuna kakan yaro bawa ne, kuma 'yan ajinka sun san gidajen da ake yi wa wannan gori. Ka tambaye su yadda mai gidan yake ji. Wannan aiki na 'yan babbar sakandare ne, ban yarda a kai shi ƙananan azuzuwa ba. Kuma ka sanar da shugaban makarantarku da ƙungiyar iyaye da malamai tun farkon zango, kada su fara jin labarin daga bakin yara.