Shawarar masu kallon fina-finan kisan ranar biki

A tattaunawar da aka yi kan wanne ya kamata a fara kallo cikin fina-finan tsoro da makashi ke kashe mutane a ranar biki, yawancin waɗanda suka tofa albarkacin bakinsu sun ce sabon mai kallo ya fara da fim ɗin Black Christmas na 1974, wanda aka ɗauka a Kanada. Hujjarsu ita ce ba a nuna makashin sosai, sai muryarsa a waya da ƙwayar idonsa ta tsagar ƙofa, kuma wannan ne ke tayar da tsigar jiki. Sabon Black Christmas da aka sake yi a 2006 kuwa ya fayyace yarintar makashin, ya cika jini, tsoron ya ragu. Wannan laifin suka ɗora wa Halloween na 2007, ni ma ina bayansu. My Bloody Valentine na 2009 ya samu 'yan magoya baya. Kowa dai ya ce a nesanta yara da waɗannan fina-finai.