Rodin atin na galbanais ko na jan ƙarfe, wanne zan kafa?

Baban_Ilham:
Salam 'yan uwa, don Allah masu sanin harkar wayarin ku taimaka. Sati biyu kenan firij ɗinmu yana jan mutum in aka taɓa shi ba takalmi, jiya har ƙaramar 'yata ya ja, hankalina ya tashi sosai. Na kira mai gyara ya tona inda aka kafa rodin atin na gidan, wato ƙarfen nan da ake bugawa cikin ƙasa don wutar da ta zuba ta bi ta shige ƙasa, ashe wayar nan mai kore da ruwan ɗorawa naɗa ta kawai aka yi a jikin ƙarfen, wajen duk tsatsa ta cinye, yana taɓawa ta fita, shi kansa rodin bai kai tsawon hannuna ba. Yanzu ya ce mu sa galbanais mu zuba gishiri da gawayi, wani kuma ya ce in ba jan ƙarfe ba asarar kuɗi ce. Ni dai na rasa na kamawa.

Mai_Wayarin:
Wa alaikumus salam, Allah ya kiyaye gaba malam. Galbanais ba shi da laifi, ƙarfe ne da aka tsoma cikin narkakkiyar tutiya mai zafin kusan digiri 450, to tutiyar ce ke fara cinyewa kafin tsatsa ta kai ga ƙarfen. Na jan ƙarfen ma yawanci ƙarfe ne a ciki aka lulluɓe shi, ya dai fi daɗewa a ƙasa mai danshi, wannan gaskiya ne. Amma matsalarka guntun rodi ce. A dokar wayarin ta Amurka ƙafa 8 ake so ya shige ƙasa, kusan mita 2.4 kenan, in an auna turjiyarsa, wato yadda yake hana wuta wucewa zuwa ƙasa, aka ga ta wuce om 25 (om shi ne ma'auninta) sai a ƙara rodi na biyu, a bar aƙalla ƙafa 6 tsakaninsu. Abin da ke min ciwo shi ne masu buga rodi da guduma in ya ci karo da dutse sai su yanke sauran su rufe ramin, mai gida bai sani ba. Zurfi ake nema don a taɓo lema, kauri ba ya ƙara wani abin kirki.

Tsohon_Lebura:
Oga ka yi bayani amma ka tsallake gishirin. Ni ban yarda da shi ba in galbanais ne. Eh zai sauke awon ranar da aka zuba, sai ruwan sama ya wanke shi a hankali, kafin nan kuma ya riga ya ci tutiyar. Na sha tono irinsu da hannuna, ƙarfe ya sirance kamar tsinke. Gara bentonait, wata irin laka ce mai riƙe ruwa. Sannan kar a ɗaura wayar jan ƙarfe tsirara a kan galbanais, su biyun in suka haɗu da danshi tutiyar ce ke shan wahala, a nemi kilam, wato maɗaurin ƙarfe, da aka yi don haɗa su a ɗaure tam, a yi ɗan rami mai murfi yadda za a riƙa leƙawa.

Maman_Sadik:
Yaya ni yarinyar ce a raina. Ka cire firij ɗin nan daga soket yau ɗin nan, tunda yana ja to wuta na zuba a jikinsa, sabon rodi ba zai gyara wannan ba. Kuma ka tambaya ko akwai RCD mai 30mA a akwatin wutar gidan, shi ne ke yanke wuta nan take in ta bi jikin mutum.

Mai_Wayarin:
Hajiya ta faɗi gaskiya, wannan ne kan gaba. Kuma malam kar ka yarda da gwajin kwan fitila, wato a haɗa kwan fitila da atin a ga ko zai kama, a zo da mitar auna atin ka ga lambar da idonka, a sake aunawa lokacin da ƙasa ta bushe don a nan ne awon ke hawa.

Baban_Ilham:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na cire firij ɗin, na duba akwatin kuma babu RCD, bireka ne kawai. Gobe zan tsaya a kan mai gyaran har rodin ya shige duka, in ba shi da mitar zan nemo mai ita.