Turbon da ba na kamfani ba: jabu ne ko ba jabu ba?

Mai A-kori-kura: Assalamu alaikum 'yan zaure. Yau raina a ɓace yake, sai na faɗa ko na ji sanyi. Motata mai injin dizal ce, lita 2.5, shekara da shekaru tana ɗaukar min kaya ba ta taɓa ba ni kunya ba. Wani ya dinga zuga ni in cire turbon da ta zo da shi, wato na'urar da ke tura ƙarin iska cikin inji, in sa babba, wai za ta riƙa hawa tudu da lodi kamar ba komai a bayanta. Na biye masa. Aka ɗaura babban, aka taɓa kwamfutar inji aka ƙara mai. Tun daga ranar ban sake jin daɗin motar ba. In na taka totur daga tsaye sai ta yi nauyi, baƙin hayaƙi ya turnuƙe bayana, sai allurar juyin inji ta haura 2,500 sannan ta fizga kamar an harbo ta. Makon jiya ina kan tudu da lodi ruwan lagireto ya fara tafasa, da aka buɗe kan inji aka tarar gasket, wato shimfiɗar da ke toshe tsakanin kan inji da jikinsa, ya ƙone. Abin da na gano shi ne, duk turbon da ba wanda mota ta fito da shi daga kamfani ba jabu ne, kuma masu sayar da shi sun sani. Yanzu ku ba ni shawara, in mayar da ƙaramin ne, ko akwai yadda za a yi wannan ya zauna?

Oga Bakanike: Wa'alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri, Alhaji. Amma don Allah ka janye kalmar jabu. Da hannuna nake ɗaura irin waɗannan turbo, in ka ce jabu ne to ka kira ni macuci ke nan a gaban jama'a.

Kawu Direba: Gaskiyarsa ce. Abin da ka saya don ya yi maka aiki bai yi ba, ya kuma ƙona maka inji, wane suna za ka ba shi? Jabu ne mana.

Oga Bakanike: A'a Kawu, da girmanka. Jabu shi ne abin da ya ari sunan da ba nasa ba. A rubuta sunan kamfanin turbo irin Garrett a jikin kwali, ka buɗe ka tarar ba su suka ƙera ba, wannan shi ne jabu, kuma akwai su, ban musa ba. Amma wanda ya fito da sunansa na gaskiya, da lambarsa, ya ce ni babba ne na fi wanda ka cire, ina ƙaryar da ya yi maka?

Kawu Direba: Ƙaryar tana bakin wanda ya sayar. Ai ba turbo ne ya ce zai hau tudu ba, mutum ne ya faɗa.

Oga Bakanike: To ka ce mai sayarwa maƙaryaci ne, ka bar ƙarfe ya huta.

Masoyin Ford: Ni tambayata ma, mene ne "na kamfani"? Wane kamfanin? Injin Power Stroke mai lita 6.0 da Ford ta sa a manyan a-kori-kurarta daga 2003 zuwa 2007, Navistar ce ta ƙera injin, turbon kuma na Garrett ne. Injin Duramax na farko da ya fito a 2001, turbonsa na IHI ne, kamfanin Japan. Wato wanda ya ƙera wanda ke cikin motar tun daga masana'anta, shi ne dai yake sayar da wasu a kasuwa. In ya shigo ta ƙofar masana'anta ya zama na asali, in ya shigo ta kanti ya zama jabu? Wannan magana ba ta zauna ba.

Ɗan Cummins: Kai kuma cikin duk injunan duniya sai 6.0 za ka kawo mana misali? Injin da ya yi suna wajen ƙona gasket, wanda fukafukan cikin turbonsa ke maƙalewa saboda toka? Ka tambayi duk wanda ya san motocin Amurka, abu na farko da ake yi wa wannan injin shi ne a cire kusoshin kan inji a sa masu ƙarfi.

Masoyin Ford: Ɗan'uwa, ba ƙarfin inji nake magana ba, wanda ya ƙera turbo nake magana.

Ɗan Cummins: Ni kuma shi nake amsa maka. Cummins, mai ƙera inji, ba ta zuwa aro, kamfanin turbo na Holset nata ne tun 1973. Tun da aka sa injin 5.9 a Dodge Ram a 1989, mai silinda shida a jere, har yau mutane na cire turbon Holset HX35 su ɗaura babba, BorgWarner S300, injin ya shanye ya ci gaba da aiki. Inji ne ke ɗaukar turbo. In injinka ba shi da ƙashi, ko wane ka sa masa zai durƙusa.

Injiniya: Jama'a, bawan Allah ya yi tambaya, bari in gwada amsa masa. Alhaji, hayaƙin da ke fita daga inji shi ke juya turbo, ba bel ba, ba giya ba. Hayaƙin ya bugi fanka ta gefen salansa, ita kuma ta juya 'yar'uwarta da ke tura iska cikin inji, sandar da ta haɗa su tana iya wuce juyi 100,000 a minti ɗaya. Babban turbo fankarsa ta fi nauyi, gidansa ya fi faɗi, saboda haka yana son hayaƙi mai yawa kafin ya farka. Injin lita 2.5 a ƙananan juyi ba shi da wannan hayaƙin. Shi ya sa take maka nauyi daga tsaye. A gefe guda kuma an riga an ƙara mai a kwamfuta, man yana isa silinda kafin iska ta iso, wanda bai ƙone da kyau ba shi ne baƙin hayaƙin da kake gani. Mai da yawa, iska kaɗan, lodi a baya, tudu a gaba: zafin cikin silinda sai ya yi sama. Da turbon ya farka kuma sai matsin iska ya zo gaba ɗaya ya daki gasket ɗin da aka yi shi don ƙaramin matsi. Abin da nake so in sani: matsin iskar ya kai nawa? An canza intakula, wato mai sanyaya iskar da turbo ke turawa, ko tsohuwar aka bari? An sa maka agogon auna zafin hayaƙi? In an dasa shi kafin turbo, masu ja da lodi ba sa barin ya daɗe sama da digiri 700 na Selshiyos. Kai mai ɗaukar kaya ne, ƙarfin ƙasa kake buƙata, wanda ke zuwa da wuri. Babban turbo guda ɗaya ƙarfin sama yake bayarwa.

Oga Bakanike: Injiniya, duk wannan karatun littafi ne. Ka taɓa kwance turbo da zafinsa?

Injiniya: Na taɓa, Oga. Amma nuna min inda na yi kuskure.

Oga Bakanike: Ban ce ka yi kuskure ba. Na ce ka tsallake maganar. Jabu ne ko ba jabu ba?

Injiniya: Ban ga turbon ba, ta yaya zan sani? Ina ganin dai girmansa bai dace da injin ba.

Kawu Direba: Ka ji ko! Bai dace ba. Abin da bai dace ba aka ce maka ya dace, jabu ke nan.

Oga Bakanike: Kawu, in aka ba ka takalmin da ya fi ƙafarka, takalmin ne jabu?

Ɗan Autan Gareji: Ni fa baƙin hayaƙin nan da kuke kuka da shi, shi ne alamar ƙarfi. Mota in ba ta yi hayaƙi ba ai ba ta ci mai ba.

Injiniya: Ƙanena, hayaƙin nan man da ka zuba ne yake fita ta salansa bai yi maka aikin komai ba, kuma mutanen da ke bayanka su ke shaƙa.

Ɗan Autan Gareji: To me ya sa kowa ke cire matatar toka da bawul ɗin da ke mayar da hayaƙi cikin inji? Ai su ke shaƙe turbo.

Masoyin Ford: Ba kowa ba, kuma a Amurka laifi ne a doka. Tunda ma an zo nan, Ɗan Cummins ya gaya mana tarar dala biliyan 1.675 da aka sanar a Disamban 2023 cewa kamfaninsa zai biya, kan na'urar kauce wa gwajin hayaƙi a Ram 2500 da 3500 na 2013 zuwa 2019, mota wajen 630,000. Wanda bai ji kunyar wannan ba shi ke yi wa wani gorin gasket.

Ɗan Cummins: Me ya haɗa tara da turbo? Volkswagen ma an kama ta a 2015, ka ji an ce injinta ba ya tafiya? Ka dawo kan 6.0 ɗinka. Da yana da lafiya da ba a yi saurin maye gurbinsa da 6.4 a 2008 ba.

Masoyin Ford: Shi kuma 6.4 da turbo biyu ya fito, ƙarami da babba, tun daga masana'anta. Abin da ku kuke zuwa ku haɗa a gareji.

Injiniya: Wannan dai ya taɓa tambayar Alhaji. Dalilin haɗa biyun ke nan, ƙaramin ya farka da wuri, babban ya karɓa a sama. Turbo mai fukafukai masu motsi, irin wanda aka sa wa Cummins 6.7 daga 2007, shi ma matsalar da yake warwarewa ke nan, yana matse hanyar hayaƙi a ƙananan juyi ya buɗe a manya. Alhaji, wanda ka cire wane iri ne?

Kawu Direba: Ku bar kawo mana sunayen Turawa. Jamusawan da suka ƙirƙiro turbo ai sun san girman da suka sa wa kowace mota.

Masoyin Ford: Ba Bajamushe ba ne, Kawu. Alfred Büchi ɗan Suwizalan ne, a 1905 ya yi rajistar fasahar.

Kawu Direba: Ko ɗan ina ne, bai ce a cire ƙarami a sa babba ba.

Oga Bakanike: Har yanzu ina jiran a janye kalmar nan. Sana'ata ce, da ita nake ciyar da iyalina, ba zan yi shiru a kira kayan aikina jabu ba.

Mai A-kori-kura: Oga, ban kira sunanka ba, ba kuma a wurinka aka ɗaura min ba.

Oga Bakanike: Ka ce "duk". Cikin duk ɗin nan har da ni.

Shugaban Zaure: To jama'a, ya isa haka, bari in taƙaita. Abin da na fahimta daga bayanan masana a nan shi ne, kalmar jabu kuskure ce, kuma ya kamata Alhaji ya janye ta ya ba Oga haƙuri. An nuna cewa manyan kamfanoni ma suna ƙera turbon kasuwa, saboda haka ba duka ne abin tababa ba. Ni kaina shekara uku ke nan da na sa babba a motata mai silinda shida, ko tari ba ta taɓa yi ba. An kuma nuna cewa injin Cummins ya fi kowane ɗaukar ƙarin ƙarfi, wannan ba wanda ya iya musawa. Matsalar Alhaji daga ƙaramin injinsa ne da yadda yake taka mota da lodi. Maganar tara da hayaƙi ba ta cikin abin da muka taru a kai. Allah ya ba mu alheri.

Masoyin Ford: Shugaba, a ina aka nuna ba wanda ya musa? Ni na musa, ka haura sama ka karanta.

Kawu Direba: Ni ma ban yarda kuskure ba ce. Shugaba, motarka lita nawa, tasa lita nawa?

Mai A-kori-kura: Injiniya, yi haƙuri sai yanzu na ga tambayoyinka a tsakiyar hayaniyar nan. Ba a canza intakula ba, ba a sa min agogon zafi ba, matsin iskar kuma ba wanda ya auna a gabana. Wanda na cire yana nan a ajiye, lafiyarsa lau. Jibi za a rufe kan injin. In na mayar da shi, sai an mayar da kwamfutar yadda take ita ma, ko zan iya barin ƙarin man?