Injin da ke buɗe ledar laminatin da kansa: zan iya yi masa rajista?

Mai Kwafi, Jidda:
Assalamu alaikum. Ina aiki a shagon hoto da kwafi. Lokacin Umra takardu kan yi mana yawa, raba bakin ledar laminatin da farce kuwa shi ke cinye mana lokaci. Sai na haɗa wani ɗan inji: abin nadi ya kama ledar ta gefen da yake a manne, ya ɗan murɗa ta, bakin ya buɗe, takarda ta shige, sannan zafi ya like. Zan iya samun haƙƙin ƙirƙira?

Injiniya, Riyad:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari, amma kamfanin Ricoh na Japan ya riga ya yi rajistar injuna masu raba leda mai ninki biyu ta hanyar naɗe ta a jikin abin nadi. Sabunta kuma, wato ya zama ba a taɓa fito da irin abin ba, ba a Saudiyya kaɗai ake auna ta ba. In an taɓa wallafa abin ko'ina a duniya, shi ke nan. Ka duba Espacenet ko Google Patents, shafukan intanet na binciken ƙirƙire-ƙirƙiren da aka yi wa rajista, kyauta ne. Inda naka ya bambanta, nan za ka nema.

Baba Alhaji, Makka:
Yaro, kada ka saka bidiyonsa a TikTok tukuna. Da hannunka za ka kashe sabuntarsa.

Mai Kwafi, Jidda:
To Baba, na ji. Ina ake kai takardun?

Injiniya, Riyad:
Hukumar SAIP, mai kula da haƙƙin mallakar fasaha a Saudiyya, ta intanet. In an amince, kariyar shekara 20 ce daga ranar da ka shigar, da kuɗin sabuntawa duk shekara.